Sayen gida a Sabuwa: Me ya kamata a duba kafin a biya cikon kuɗi?

A garuruwan kudancin jihar Katsina, cinikin gidaje ya fi kankama ne bayan kaka, lokacin da manoma suka sayar da masara da waken suya, kuɗi ya shigo hannu.

Sai dai kuma a daidai wannan lokacin ne gida ya fi iya ɓoye aibinsa. Ruwan sama ya ɗauke, bango ya bushe, tabon yoyo ya dusashe, mai gida kuma ya samu sukunin yin sabon yaɓe ko shafa fenti.

Wanda ya sayi gida a watan Janairu ba zai san ainihin abin da ya saya ba sai watan Agusta, lokacin da damina ta yi tsakiya. Kafin nan kuɗi sun daɗe da barin hannunsa, wanda ya sayar masa kuma mai yiwuwa ya koma Funtua ko Zariya ko Kano.

Shi ya sa 'yan kwanakin da ke tsakanin bayar da kafin alƙalami da biyan cikon kuɗi suke da nauyi. A cikinsu ne kawai mai saye ke da ƙarfin cewa a gyara, ko a rage, ko a fasa.

Halin da yankin ke ciki

Sabuwa, wadda ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutane sama da dubu 130, tana mazaɓar tarayya ɗaya da Faskari da Ƙanƙara, kuma tana iyaka da jihar Kaduna.

Dukkan ƙananan hukumomin uku suna cikin takwas ɗin da aka daɗe ana kira na bakin daga a matsalar 'yan bindiga, tare da Dandume da Ɗanmusa da Safana da Batsari da Jibiya.

A watan Disamban 2020 ne aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumban 2021 kuma hukumomi suka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan uku, na tsawon makonni da dama.

Wannan hali ya taɓa cinikin gidaje ta fuska biyu. Mutanen ƙauyuka sun kwararo cikin gari suna neman matsuguni cikin gaggawa, yayin da wasu mazauna garin suka yi ƙaura suka bar gidajensu a rufe, daga baya suka sa su a kasuwa ta hannun dangi ko dillalai.

Ke nan sau da yawa mai saye a matse yake, mai sayarwa ba ya gari, gidan kuma ya yi damina biyu ko uku babu mai share masa indararo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalili ne na a ƙara sa ido.

Duba biyu ne

Dubawar farko ita ce wadda ake yi kafin a yi ciniki, domin a san ko gidan ya cancanci kuɗin da aka sa masa. A nan ne ake buƙatar magini.

Ta biyu kuma ana yin ta ne a jajibirin biyan kuɗi, ko ma da safiyar ranar, bayan masu gidan sun kwashe kayansu. Manufarta ita ce a tabbatar da abubuwa uku: gidan yana nan yadda aka gan shi, an yi gyaran da aka yi alkawari, kuma ba a cire wani abu da ke cikin ciniki ba.

Mutane da yawa kan yi ta farko su bar ta biyu, ko don kunya, ko don gudun kada a ce ba su yarda da mai gida ba.

Amma akwai abin da ba ya ganuwa sai ɗaki ya zama fayau. Gado da kabad da jeren kwalla na iya rufe tsagewar bango shekara da shekaru, leda ko darduma kuma ta rufe daɓen da ya lotsa.

Akwai kuma al'adar shiga gida. Namiji baƙo ba kasafai yake wuce zaure ba a gidan da iyali ke ciki, idan ma an shiga da shi, leƙe ne kawai na ɗan lokaci. Saboda haka wasu kan tura matansu ko 'yan uwansu mata tun a dubawar farko, domin su ne za su ga madafa da makewayi da ɗakunan ciki a tsanake, kuma su ne za su ji daga bakin matan gidan inda ruwa ke kwanciya.

Hausawa dai na cewa ba a cinikin biri a sama. Hoton da aka turo ta WhatsApp ba ya maye gurbin zuwa da ƙafa, da rana tsaka, da tocila a hannu.

A fara daga waje

Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama, inda yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma akasarinsa yana sauka ne tsakanin Yuli da Satumba. Don haka tambayar farko ita ce: ina ruwa ke bi idan an yi sama?

Mai saye zai tsaya a kan titi ya kwatanta tsayinsa da na tsakar gida. Idan titi ya fi gida tudu, ruwan unguwa gidan zai nufa. Dakalin da aka ɗaga a bakin zaure, ko buhunan ƙasa da aka jera a gindin katanga, shaida ce ta abin da ya faru a daminar baya.

Sannan a duba rariyar gidan, a ga inda take zubarwa. Idan ta cikin gidan maƙwabci take bi, ya kamata a san ko da yardarsa ne, domin yardar da ya yi wa tsohon maƙwabci ba lallai ta wuce zuwa sabo ba.

Ambaliyar da ta afka wa Jibiya a watan Yulin 2018, wadda ta hallaka mutane fiye da 40 ta kuma rusa ɗaruruwan gidaje cikin dare ɗaya, ta nuna haɗarin zama kusa da hanyar ruwa. Rafin da ya bushe da rani ba ya manta hanyarsa, haka ma kududdufin da aka cike da shara aka yi gini a kai.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan tarihi su ne tsofaffin unguwa. Gaisuwa ta minti goma a majalisar ƙofar masallaci na iya fito da abin da dillali ba zai faɗa ba.

Bango

A ginin ƙasa, gindin bango ake fara dubawa. Nan ne ruwan da ke fantsama daga rufi da danshin ƙasa ke zaizayewa, har bango ya zama ƙasansa ya fi samansa sirantaka. Farin gari mai kama da kanwa a gindin bango alama ce ta danshi na hawa.

Gidaje da dama a yankin ginin ƙasa ne aka yi wa fulastar siminti, wanda daga nesa za a ɗauka ginin bulo ne. Siminti ba ya kama laka sosai, kuma idan ruwa ya shiga tsakaninsu ba ya samun hanyar fita. Magina kan ƙwanƙwasa bangon da ɗan dutse ko mabuɗi. Inda ya yi amo kamar ganga, fulasta ta rabu da bango.

A ginin bulo kuwa, ana karta ƙusa a jikin bulon da ba a shafe ba. Idan yana marmashewa cikin sauƙi, an yi masa rowar siminti. Haka kuma a tambaya ko an zuba linta a saman ƙofofi da tagogi, da ginshiƙai masu rodi a kusurwoyi.

Ba kowace tsagewa ce abin tsoro ba. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta kasa tsagewar bango zuwa matakai: wadda ba ta wuce milimita 5 ba galibi ta kwalliya ce, wadda ta wuce haka tana buƙatar gyara na sosai, wadda ta haura milimita 25 kuma tana iya shafar tsayuwar ginin kansa.

Siffar tsagewar ma tana magana. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda ta fi faɗi a sama, ko wadda ake gani ciki da waje a wuri ɗaya, takan nuna cewa harsashin ginin na motsi. Ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta ita ma shaida ce.

Akwai dabara mai sauƙi. A dubawar farko a ja layi da fensir a ƙarshen tsagewar a rubuta kwanan wata, ko a ɗauki hotonta da waya. Idan a dubawar ƙarshe ta wuce layin, to, bangon bai tsaya ba.

Sabon fenti a bango ɗaya tak, ko yaɓen da launinsa ya bambanta da sauran, tambaya ce da ya kamata mai gida ya amsa a gaban shaidu.

Rufi da gara

A ɗakin soro, azara ce ke ɗauke da nauyin ƙasar da ke sama. A duba ko ta lanƙwasa, ko ta yi baƙi saboda danshi, sannan a hau sama a ga ko rufin ya yi kwari inda ruwa ke taruwa, da ko indararo na nan a buɗe.

A rufin kwano, ana rufe ƙofa da taga da rana a ɗaga kai. Duk inda haske ya ratso, ruwa zai ratso. Idan akwai silin, a nemi tabo mai launin shayi, a kuma ɗaga ɓangare ɗaya a haska katakon da ke ciki.

Yadda aka ɗaure rufin da bango abu ne da ake mantawa da shi. Iskar farkon damina kan yaye rufin da aka ɗora katakonsa a kan bango ba tare da ɗauri ba. Duwatsu ko bulo da aka jera a kan kwano suna nuna cewa mai gidan da kansa bai amince da rufinsa ba.

Gara kuwa tana cin katako ta ciki ta bar bayansa lafiya lau. Hanyoyinta na jar ƙasa a jikin bango da ƙyaure su ne alamarta, kuma tsinin wuƙa zai nutse a katakon da ta cinye. Gidan da ya daɗe a rufe shi ne gonarta.

Rijiya da masai

Wannan shi ne ɓangaren da ya shafi rai kai tsaye, kuma shi ne aka fi yi wa kallon sama-sama.

Ƙa'idar da hukumomin agaji na duniya ke bi ita ce a samu tazarar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, ƙasan ramin kuma ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Gidaje ƙalilan ne a cikin gari ke da wannan fili. Kuma masan maƙwabci da ke bayan katanga yana cikin lissafi, ko da ba a ganinsa daga tsakar gida.

A shekarar 2021, alƙaluman hukumar NCDC sun nuna cewa an samu mutane fiye da dubu 111 da ake zaton sun kamu da cutar amai da gudawa a Najeriya, fiye da 3,600 kuma suka rasu. Katsina na cikin jihohin da annobar ta fi shafa.

Don haka mai saye ya ja ruwan rijiyar da kansa, ya duba launinsa, ya sansana. Ya tambaya ko tana ƙafewa a watan Afrilu, da ko bakinta a ɗaure yake. Idan tazarar ba ta kai ba, ya san cewa ruwan wanki ya saya, na sha kuma sai ya nemi wata hanya, wannan ma kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi.

Shi ma masan a duba ko ya kusa cika, da ko daɓen da ke kansa ya tsage. Mafi muhimmanci, a tambaya ko akwai tsohon masai ko tsohuwar rijiya da aka binne a cikin gidan, kuma a ina. Ɗakin da aka gina a kan irin wannan rami yana iya ruftawa da mutane a ciki.

Wuta, da abin da ke cikin ciniki

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wutar lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Idan gidan na da wuta, a nemi takardar biya ta ƙarshe, a rubuta lambar mita, a kuma tabbatar da ko akwai bashi.

Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta sha bayyana cewa bashin tsohon mazauni ba ya hawa kan sabo. Duk da haka, ya fi sauƙi a warware batun kafin biya, a kuma sanar da kamfanin sauyin mai gida a rubuce.

A ɗaga kai a duba ko babbar wayar wuta ta ratsa ta saman gidan ko ta gefensa. Doka ta hana gini a ƙarƙashin irin waɗannan wayoyi, haka ma a gefen babbar hanyar tarayya, inda aka keɓe mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare.

Sai kuma abin da ya fi jawo cacar baki a ranar karɓar mabuɗi: mai saye ya iso ya tarar an cire ƙyauren ƙarfe an mayar da na langa-langa, ko an kwance fanka, ko tankin ruwa, ko farantan sola, ko an sare bishiyar mangwaron tsakar gida.

A fiƙihu, abin da aka kafe a jikin gini, kamar ƙofofi, yana bin gidan a ciniki, abin da ake ɗauka kuma ba ya bi sai an ambata. Amma ina matsayin injin rijiyar burtsatse ko batiran sola? Mafita ita ce a lissafa komai a takarda tun ranar kafin alƙalami, a kuma bi takardar ɗaya bayan ɗaya a dubawar ƙarshe.

Haka kuma a tabbatar gidan babu kowa. Ɗan haya a shagon ƙofar gida, ko dangin da aka ba aron ɗaki bayan sun gudo daga ƙauye, mutane ne masu haƙƙi da ba a tasa su a rana ɗaya. Nauyin sasantawa da su na kan mai sayarwa ne, kuma kafin a biya shi.

Iyaka da takardu

Lafiyar bango ba ta da amfani idan ƙasar da yake kai tana da rigima.

A zagaya iyakar gidan tare da maƙwabta na kowane ɓangare da mai unguwa. A san katangar da ta gidan ce, da wadda ta maƙwabci ce, da wadda aka yi tarayya a kanta. A auna tsawo da faɗi a rubuta.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin da ke yankin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ne ke bayar da izinin mallakarsa, wanda ke wajen birni kuma ƙaramar hukuma na iya bayar da izini irin na gargajiya.

Sashe na 22 na dokar ya ce ba a sayar da mai takardar gwamna sai da amincewarsa, sashe na 21 kuma ya shafi mai izinin gargajiya, inda ake buƙatar amincewar ƙaramar hukuma. Kotun ƙolin Najeriya ta jaddada nauyin wannan sharaɗi a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a shekarar 1989.

A aikace, gidaje da yawa a garuruwa irin su Sabuwa ba su da takardar gwamna. Abin da ake da shi shi ne takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa da dagaci, wani lokaci da hatimin hakimi. A nan mai saye zai bi salsala: wa ya sayar wa wa, kuma ina takardar kowane ciniki?

A nemi ganin takardun asali. Idan kwafi kawai aka nuna, akwai yiwuwar na asalin suna hannun wanda aka jinginar wa gidan. Idan kuma akwai takardar gwamna, ana iya bincikar ta a ofishin filaye na jiha kafin a biya.

Gidan gado

Gidan gado na buƙatar ƙarin haƙuri. Babban ɗa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa mata, ko na matar uba, ko na marayu, don kawai shi ne babba.

A nemi takardar rabon gado daga kotu, ko sa hannun kowane magaji, ko wakilci a rubuce daga wanda ba ya nan.

A mazhabar Malikiyya, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya biya mai saye kuɗinsa ya karɓe rabon da aka sayar. Wannan haƙƙi bai shafi maƙwabci ba, amma ya shafi magada, kuma wanda ke tafiya yana nan da haƙƙinsa har ya dawo.

Akwai kuma wani batu da halin yankin ya sa ya zama na yau da kullum: magajin da aka sace ko ya ɓace ba a ji ɗuriyarsa ba. Ba a raba dukiyar irin wannan mutum sai an tabbatar da rasuwarsa ko alƙali ya yanke hukunci. Gidan da yake da rabo a ciki ba a sayensa sai ta hannun kotu.

Abin da shari'ar Musulunci ta tanada

Asalin hukuncin ɓoye aibi yana cikin hadisin da Imam Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa a kan rashin fito da jiƙaƙƙen sama yadda mutane za su gani.

Littattafan da alƙalan arewacin Najeriya ke aiki da su, irin su Mukhtasar na Shehu Khalil, malamin Masar na ƙarni na 14, da Tuhfa ta Ibn Asim na Andalus, wanda ya rasu a 1426, sun yi wa gida hukunci na musamman.

Malaman mazhabar sun kasa aibin gida gida uku. Ƙarami ƙwarai, wanda ba ya rage daraja, babu komai a kansa. Matsakaici, kamar tsagewar bangon da ba a tsoron faɗuwar gida saboda ita, mai saye na karɓar ragin kuɗi daidai da aibin. Babba kuwa, kamar wanda ake tsoron rushewa saboda shi, ko rijiya mai ruwan zartsi a unguwar da ruwanta ke da daɗi, yana ba mai saye damar mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Wasu malaman sun auna babban aibi da wanda ya kai sulusin kuɗin gidan.

Sai dai wannan haƙƙi na da sharuɗɗa. Dole aibin ya kasance tun kafin ciniki, kuma mai saye bai san da shi ba. Wanda ya gani ya yi shiru babu uzuri, ko ya ci gaba da rushewa da gini bayan ya sani, ana ɗaukarsa ya yarda.

Shi ma mai sayarwa, cewar da zai yi ya sayar da gida yadda yake ba ta wanke shi daga aibin da ya sani ya ɓoye.

Akwai wata ƙofa da mutane ba su cika amfani da ita ba, wato ciniki bisa zaɓi. Mazhabar ta yarda a sharɗanta wa'adin kimanin wata guda a cinikin gida, wanda a cikinsa mai saye zai bincika ya yi shawara. A tsawon wa'adin ba a sharɗanta biyan kuɗi, kuma idan gidan ya lalace asarar mai sayarwa ce.

Wannan na da muhimmanci ga cinikin damina, domin da zarar ciniki ya ƙullu babu zaɓi, asarar abin da ya samu gidan galibi takan koma kan mai saye, ko da bai tare ba.

Game da kafin alƙalami kuwa, Imam Malik bai halatta sharaɗin cewa kuɗin ya zama na mai sayarwa idan an fasa ciniki ba, ko da yake mazhabar Hambaliyya ta halatta. Ya kamata a rubuta matsayin kuɗin tun ranar da aka bayar.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Dokar da Najeriya ta gada daga Ingila ta fi ɗora nauyin bincike a kan mai saye. Muddin mai sayarwa bai yi ƙarya ko yaudara ba, ba lallai ne kotu ta kama shi a kan lalacewar ginin da mai saye zai iya ganowa ba.

A Amurka, al'ada ce mai saye ya yi zagayen ƙarshe a gidan cikin kwana ɗaya ko biyu kafin a sa hannu, bayan tun farko ya ɗauko ƙwararre ya duba masa.

A yankin Scotland, tun watan Disamban 2008 doka ta wajabta wa mai sayarwa ya tanadi rahoton lafiyar gida kafin ya sa shi a kasuwa. A Faransa kuma, dokar farar hula ta ba mai saye shekara biyu daga ranar da ya gano ɓoyayyen aibi ya kai ƙara.

A Najeriya akwai injiniyoyi masu rajista da hukumar COREN, da magina masu rajista da CORBON, kuma ga ginin bene ko babban gida ya dace a nemi ɗayansu. Ga gidan talaka kuwa, tsohon magini da kafinta sun wadatar, da sharaɗin mai saye ne ya ɗauko su ya biya su.

Dalili kuwa shi ne dillali ba ya samun la'adarsa sai ciniki ya faɗa. Ko da mai gaskiya ne, bai dace a ɗora masa aikin nemo abin da zai ɓata cinikin ba.

Idan an ga aibi a ranar ƙarshe

Hanyoyi huɗu ne a gaban mai saye: a ɗage biya har a gyara, ko a rage kuɗi, ko a ajiye wani kaso a hannun amintacce har a kammala gyara, ko kuma a fasa.

A misali, idan an yi ciniki a kan naira miliyan huɗu, magini kuma ya ƙiyasta gyaran rufi a kan dubu 300, ana iya biyan miliyan uku da dubu 700, a bar sauran a hannun wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, a rubuta ranar da za a gama aikin.

Abin da bai kamata ba shi ne a biya duka bisa alkawarin baki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ta yi umarni ne da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki, don haka neman a rubuta ba rashin yarda ba ne.

Haka kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan biyar sai ta hanyar banki. Ban da cika doka, biya ta banki na barin shaida, yana kuma raba mutum da ɗaukar jakar kuɗi a hanyoyin da ba su da tabbas.

Bayan an biya, a karɓi takardun asali da mabuɗai a zama ɗaya, shaidu su sa hannu, a sauya kwaɗo a ranar.

Ga wanda ba ya cikin matsi, magina na ba da shawarar da ta fi duk waɗannan sauƙi: ya jira a yi ruwa mai ƙarfi, washegari da sassafe ya je ya ga gidan.